Abin da SQLAlchemy ke yi idan ka miƙa masa jeri

Duk lokacin da aka kawo mini sabon akwatin kayan aiki na magana da rumbun bayanai aka ce in duba shi, gwaji uku nake fara yi masa. In ba shi jerin lambobi uku in ce ya nemo mini layukansu. In ba shi jerin da babu komai a cikinsa. Sannan in ɗora masa jeri mai lambobi 40,000. Bayan kowanne sai in buɗe kundin aiki in karanta ainihin SQL ɗin, wato rubutun tambayar, da ya aika wa rumbun. Abin da ya rubuta a waɗannan wurare uku shi ke gaya mini ko waɗanda suka ƙera shi sun taɓa shan wahalar aiki na gaske, fiye da duk bayanin da ke shafinsa na farko.

SQLAlchemy ne na fi daɗewa da shi, shi ya sa a kansa zan yi magana. Michael Bayer ne ya fara fitar da shi a 2006, da harshen Python aka rubuta shi, kuma kowa na iya ɗauka ya yi aiki da shi a ƙarƙashin lasisin MIT. Ni na shigo ne a zamanin siga ta 1.1, kuma manhajar da na fi kula da ita ta wani ɗakin karatu ce: teburin mambobi, teburin littattafai, da teburin aro wanda ya haɗa su. A rumbun PostgreSQL take aiki, gwaje-gwajena kuma a rumbun SQLite nake yin su. Ba duka akwatin zan auna ba, don yana da faɗi ƙwarai. Ƙofa ɗaya zan tsaya a bakinta, wato `in_()`, mai nemo layukan da ƙimarsu ke cikin jerin da ka ba shi, domin kusan babu ranar da ba na bi ta cikinta.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Ma'aikacin ɗakin karatu ya zaɓi littattafai uku a allo, yana son ganin wa ya are su. Ni kuma a Python na rubuta:

`select(Aro).where(Aro.littafi_id.in_([12, 57, 301]))`

Abin da ke isa SQLite shi ne `WHERE aro.littafi_id IN (?, ?, ?)`, lambobin kuma su bi ta wata hanya daban. Kowace alamar tambaya gurbi ce da direba, wato manhajar da ke haɗa Python da rumbun, zai cike. A PostgreSQL da direban psycopg2 guraben suna da suna, irin su `littafi_id_1_1` da `littafi_id_1_2`, amma ma'anar ɗaya ce: jikin tambaya daban, ƙimomi daban.

Wanda bai taɓa haɗa SQL da hannu ba zai ga kamar wannan ba wani abu ba ne. Ni na haɗa. Kafin in koma wannan akwati, jera ƙimomin nake yi da waƙafi in manna su a tsakiyar rubutun tambaya. Da lambobi abin yana tafiya lafiya. Ranar da aka ce in nemo mambobi da sunayensu, sai jerin ya ƙunshi suna irin Sa'adatu, wannan 'yar alamar da ke tsakiyar sunan ta rufe rubutun tun bai ƙare ba, rumbun ya karanta `adatu` a matsayin umarni, ya dawo da kuskure. Sa'ar da na yi ita ce suna ne na gaskiya ya fasa tambayar. Ta wannan kafa ɗaya mai mugun nufi yake cusa nasa umarnin ya kwashe ko ya goge abin da ya ga dama. Tun da na fara amfani da `in_()` ban sake tunanin alamar da ke cikin sunan wani ba, kuma wannan kaɗai ya isa in gode masa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk wani akwati mai mutunci yana amfani da gurabe. Wahalar IN ita ce yawan guraben ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tambaya irin `WHERE id = ?` kullum surarta ɗaya, ko sau miliyan aka yi ta. Ita kuwa IN, yau gurbi uku, an jima bakwai, gobe 200. Kowane tsawon jeri sabon rubutu ne. Shi kuma mayar da abin da ka gina a Python zuwa rubutun SQL aiki ne mai cin lokaci, musamman idan tambayar ta haɗa tebura huɗu ko biyar. Hankali ya ce a harhaɗa sau ɗaya a ajiye, in an sake buƙata a ɗauko. To yaya za ka ajiye abin da surarsa ke sauyawa da kowane kira?

Amsar da SQLAlchemy ya bayar ita ce abin da ya fi burge ni a cikinsa, kuma ba dare ɗaya ya kai gare ta ba. A siga ta 1.2, wadda ta fito a ƙarshen 2017, aka shigo da gurbi mai buɗewa: ka rubuta `bindparam("jeri", expanding=True)`, sai a harhaɗa tambayar da gurbi ɗaya tak a cikin baka, a bar buɗe shi sai lokacin aikawa. A lokacin sai ka nema da kanka. Da siga ta 1.4 ta zo a Maris 2021, aka sa duk wani `in_()` ya riƙa yin haka ba tare da an roƙe shi ba, domin a sigar ce aka fara ajiye harhaɗaɗɗun tambayoyi kai tsaye. Siga ta 2.0 ta Janairun 2023 ta ci gaba a kan wannan turba. Yanzu abin da ake ajiyewa rubutu ne mai alama ɗaya a wurin jerin. Idan lokacin aikawa ya yi, a dubi tsawon jerin, a maye alamar da gurabe daidai yawansa, a tura. Ma'ajiyar tana ɗaukar tambayoyi 500 idan ba ka sauya ba, kuma tambayar IN wuri ɗaya take ci a cikinta, ko da jerinta ya yi tsawo iri ɗari.

Gani ya kori ji. Ka kunna `echo=True`, mai nuna SQL ɗin da ake aikawa, ka kira tambayar sau biyu, na farko da lambobi uku, na biyu da goma sha ɗaya. A kiran farko za ka ga `generated in` da ɗan lokacin da harhaɗawar ta ci. A na biyu za ka ga `cached since` da daƙiƙun da suka wuce, alhali SQL ɗin da ke samansa yana da gurabe goma sha ɗaya. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe ina kallon allon, domin na san irin dabarun da muke yi a da don samun rabin wannan.

Dabarar tana da nata ɗan ciwon kai, kuma sababbin shiga ne suke fara jin sa. Idan ka buga tambayar da `print()` don ka ga abin da za ta zama, ba gurabe za ka gani ba, sai wani abu kamar `IN (__[POSTCOMPILE_littafi_id_1])`. Wani matashi da muke aiki tare ya kwafi wannan ya manna a tagar PostgreSQL, rumbun ya ƙi karɓa, ya zo ya same ni yana cewa, "Malam, ina jin akwatin nan ya lalace." Bai lalace ba, rabin aikin ne aka nuna masa. Idan kana son cikakken rubutu sai ka harhaɗa da `render_postcompile` a cikin `compile_kwargs`, in kuma kana son ƙimomin su fito a jiki ka sa `literal_binds`. An rubuta wannan a littafin jagorarsu, amma da so samu ne, mutumin da ya buga tambaya don koyo ya ga abin da zai gane ba tare da ya je neman fassarar wata alama ba.

Haka nan ga masu rubuta SQL da hannu ta `text()`. A can babu wanda zai buɗe maka gurbi sai ka faɗa: ka rubuta `WHERE id IN :jeri`, ba tare da baka ba, sannan ka ɗaura masa gurbi mai buɗewa, shi zai sa bakan da kansa. Mutane da yawa sun saba da wata al'adar psycopg2, wanda ke karɓar jeri irin na `tuple` ya mayar da shi ƙimomi a cikin baka. Sabon direban, psycopg na 3, ba ya yin haka, domin shi rumbun yake miƙa wa ƙimomin kai tsaye. Wanda ya dogara da gurbi mai buɗewa na SQLAlchemy ko ya sauya direba ba abin da zai taɓa shi.

Yanzu gwaji na biyu, jerin da babu komai. Nan ne na fi son in daɗe, don tarihinsa yana nuna yadda masu akwatin suke tunani.

A ƙa'idar SQL babu `IN ()`. PostgreSQL da MySQL suna ƙin sa, su ce kuskuren rubutu ne. SQLite yana karɓa, amma ƙari ne nasa na kansa, kuma wannan tarko ne ga irina masu gwaji a SQLite su yi aiki a wani rumbun: gwajinka ya wuce lafiya, sai manhaja ta shiga hannun jama'a, wani ya danna "nemo" bai zaɓi komai ba, shafi ya faɗi. Jeri fanko kuwa ba baƙon abu ba ne. Sabon mamba bai ari komai ba. Bincike bai samo komai ba, aka miƙa sakamakonsa ga tambaya ta gaba. Dole akwati ya san abin da zai rubuta.

Sigar da na fara da ita tana rubuta `littafi_id != littafi_id`, tare da gargaɗi. Dalilinsu yana da tushe: suna so idan ginshiƙin NULL ne, wato ba a san ƙimarsa ba, amsar ma ta zama NULL, kamar yadda suka ɗauka ƙa'ida ta tanada. Sai dai rumbuna da yawa ba sa gane cewa wannan sharaɗi ba zai taɓa zama gaskiya ba, sai su bi teburin layi-layi suna kwatanta kowane da kansa, su dawo hannu rabbana. A babban tebur wannan aikin banza ne mai nauyi. A siga ta 1.2 suka sake duba lamarin, suka ga rumbunan da ke iya kwatanta NULL da tarin da babu komai "ƙarya" suke amsawa, ba NULL ba. Sai suka koma `1 != 1`, wanda kowane rumbu yake ganewa nan take ko tebur bai buɗe ba. Suka kuma bar wa mai son tsohon hali zaɓi mai suna `empty_in_strategy`. Ina girmama wannan: sun riƙe ra'ayi shekaru, hujja ta zo, suka sauya, suka kuma rubuta dalilin a fili.

Sai 1.4 ta zo da sabuwar matsala. Tunda yanzu an riga an harhaɗa tambayar an ajiye da `littafi_id IN (` a gaba da `)` a baya, ba dama a cire sharaɗin gaba ɗaya a sa `1 != 1`. Abin da ke tsakanin bakan kawai ake iya taɓawa. A SQLite sai su cusa ƙaramar tambaya wadda ba ta dawo da komai: `IN (SELECT 1 FROM (SELECT 1) WHERE 1!=1)`. A kundin aikina na PostgreSQL kuwa abin da nake gani shi ne `IN (NULL) AND (1 != 1)`. Ku dubi wannan da kyau. Abin da aka saka a gurbin shi ne `NULL) AND (1 != 1`, wato an rufe bakan farko da wuri, an buɗe wani, bakan da ke jiran rufewa a ƙarshe ya rufe na biyun. Ga `not_in()` kuma ana saka `NULL) OR (1 = 1`, shi ya sa duk NOT IN da SQLAlchemy ya rubuta za ka gan shi a lulluɓe cikin wani baka na waje, don kada wannan OR ɗin ya ɓalle ya haɗiye sauran sharuɗɗan tambayar. Na daɗe ina ganin wannan bakan na waje ina zaton ado ne, sai da na buɗe lambar akwatin na karanta na gane aikinsa. Mai wannan tunani ya san SQL ciki da bai.

Abu ɗaya dai: ko jerin fanko ne, tambayar tana tafiya rumbu ta dawo. Django, wani akwatin na Python, ya bi wata hanya, idan ya ga `__in` babu komai ba ya ma aikawa, nan take yake mayar da sakamako fanko. Ban ɗauki wannan babban aibi ga SQLAlchemy ba, domin tambayar ba ta da nauyi, amma a wuraren da ake kira sau da yawa ina sa layi ɗaya a sama, in jerin fanko ne in dawo tun kafin in taɓa rumbun.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne NULL a cikin jeri, kuma ƙorafin ya samo asali ne daga abin da ya same ni.

An nemi in fitar da sunayen mambobin da ba su ari ko littafi ɗaya ba a cikin shekara, don a aika musu da saƙon tunatarwa. Na tattaro lambobin mambobi daga teburin aro zuwa jeri a Python, na rubuta `Mamba.id.not_in(jeri)`. A gwaji ya fitar da abin da nake tsammani. A rumbun aiki kuwa ko layi ɗaya bai fito ba. Babu kuskure, babu gargaɗi, shafi fari fat. Shugabar sashen ta kira ni ta ce, "Malam, wai duk mambobinmu sun ari littafi bana? Ni kaina na san mutum biyar da ba su leƙo ba." Na ce, "Malama, ba ni zuwa yamma." Na shafe awanni ina bin tambayar, komai nata daidai. Sai da na buga jerin da kansa na bi shi da ido, na tarar da `None` guda ɗaya a tsakiya. Ashe idan an fitar da littafi don gyaran bango, a teburin aro ake rubuta shi, a bar gurbin mamba babu kowa.

Ga wanda bai san dalilin ba: a SQL, NULL ba sifili ba ne, ba kuma fanko ba ne, ma'anarsa "ba a sani ba". Cewa `id NOT IN (4, 9, NULL)` daidai yake da cewa lambar ba 4 ba ce, kuma ba 9 ba ce, kuma ba wannan da ba a sani ba ce. Sharaɗi na uku ba wanda zai iya amsa shi da "i", don haka duka jimlar ba za ta taɓa zama gaskiya ba, kuma WHERE gaskiya kawai yake bari ta wuce. NULL ɗaya ya shafe dukkan sakamako. A IN na yau da kullum ba ya ɓarna haka, illa dai ba zai nemo maka layukan da ginshiƙinsu NULL ne ba, sai ka ƙara `is_(None)` da kanka.

Jerin nawa ne, kuma ni ne ban tace shi ba. SQLAlchemy ya rubuta abin da na ce ya rubuta, kuma wannan ita ce aƙidarsa tun asali: ba ya sauya ma'anar SQL a bayan idonka. Django yana cire `None` daga jerin kafin ya rubuta tambaya, wanda da shi nake amfani da abin bai faru ba. Duk da haka ban so SQLAlchemy ya riƙa cire mini abu a ɓoye. Abin da nake so gargaɗi ne. A lokacin buɗe gurbi yana bin ƙimomin ɗaya bayan ɗaya, yana ganin `None` ɗin da idonsa, kuma da wuya a sami wanda ya sa NULL cikin NOT IN da gangan. Akwatin da ya taɓa yin gargaɗi a kan jeri fanko, wanda illarsa jinkiri ce kawai, ya kamata ya ɗaga murya a kan abin da ke ba da amsar ƙarya shiru. Tun daga ranar, tambayar "waɗanda ba su da" da NOT EXISTS nake yin ta. A SQLAlchemy gajeruwa ce, `~Mamba.aro.any()`, kuma NULL ba ya ruɗa ta.

Saura gwaji na uku, babban jeri. A nan SQLAlchemy ba ya riƙe hannunka ko kaɗan. Ka ba shi ƙimomi 40,000, zai buɗe gurabe 40,000 ya tura, abin da ya biyo baya tsakaninka da rumbunka ne. Kowane rumbu kuwa da iyakarsa. Oracle ya daɗe yana tsayawa a ƙimomi 1,000 cikin jeri ɗaya, da kuskurensa sananne ORA-01795. SQL Server ba ya wuce gurabe 2,100 a kira ɗaya. SQLite 999 ne iyakarsa ta asali har zuwa siga ta 3.32.0 a 2020, inda aka ɗaga ta zuwa 32,766. A PostgreSQL iyakar ba a IN take ba, a hanyar sadarwar take: saƙon da ke ɗauke da ƙimomi yana ƙirga su da lamba mai bit 16, don haka ba a wuce 65,535, direban asyncpg kuma a 32,767 yake tsayawa.

Wannan na ƙarshe na ci karo da shi. Akwai wani aikin dare da ke sabunta bayanan littattafai, jerinsa ya yi ta girma har ya kai wajen 40,000. Shekaru yana wucewa, domin psycopg2 a ɓangarensa yake narka ƙimomin cikin rubutun tambaya kafin ya aika, rumbun bai taɓa ganin gurbi ba balle ya ƙirga. Da muka mayar da wannan sashe kan asyncio, tsarin Python na gudanar da ayyuka ba tare da jiran juna ba, wanda SQLAlchemy ya fara tallafa wa a 1.4, muka koma direban asyncpg, sai aikin ya tsaya a daren farko. Direban ya yi gaskiya, kuma saƙon kuskurensa ya faɗi iyakar ƙarara. Jerin ne bai kamata ya kai haka ba tun farko.

Abin da ya sa nake ganin akwai gyara a nan shi ne akwatin ya san matsalar sarai. Idan ka yi amfani da `selectinload`, wato ka ɗauko mambobi sannan ya ɗauko duk aronsu da tambaya ta biyu mai IN, da kansa yake yanka lambobin kashi-kashi, 500 a kowace tambaya. Ga tambayoyin da shi ya ƙirƙira yana kiyayewa, ga naka kuwa ya bar ka. Django a kan Oracle yana raba dogon jeri gida-gida na 1,000 ya haɗa su da OR. Na fahimci dalilin da zai sa SQLAlchemy ya ƙi raba tambayar mutum zuwa tambayoyi da yawa, domin in akwai ORDER BY ko LIMIT ko ƙirga, rabawar za ta ɓata amsa. Amma rabawa da OR a cikin tambaya ɗaya ba ta ɓata komai, kuma da an tanade ta a matsayin zaɓi, da masu Oracle sun huta da rubuta ta kowa da irin tasa.

Akwai kuma abin da ajiyar nan ta 1.4 ba ta magance ba, wanda mutane ke mantawa. Ita a ɓangaren Python take. Rumbun har yanzu rubutu daban yake gani ga kowane tsawon jeri, kuma rumbunan da ke ajiye tsarin aiwatar da tambaya bisa rubutunta, irin su SQL Server da Oracle, sai su tara tsare-tsare barkatai na tambaya ɗaya. Sauran akwatuna kowa da maganinsa. Hibernate na Java yana da zaɓin cike jeri: in ƙimomi biyar ne ya maimaita ta ƙarshe har su kai takwas, in tara ne su kai 16, don surorin su taƙaita ga 2, 4, 8, 16 da haka. EF Core 8 na Microsoft, wanda ya fito a Nuwamban 2023, ya ɗauki hanyar dunƙule jerin a gurbi ɗaya na JSON, SQL Server ya warware shi da OPENJSON. SQLAlchemy bai zaɓa maka ko ɗaya ba. Sannan buɗe gurabe dubbai aiki ne da ake maimaitawa a kowane kira, ba a ajiye shi.

Abin da ya ba ka su ne kayan da za ka yi maganin da kanka, kuma suna da kyau. A PostgreSQL na koma `any_()`: in ɗaura gurbi ɗaya mai nau'in `ARRAY(Integer)`, a rubuta `littafi_id = ANY (...)`, jerin gaba ɗaya ya tafi a matsayin ƙima guda. Rubutun tambaya ba ya sauyawa, iyakar gurabe ba ta shafe ka, jeri fanko ma yana wucewa lafiya. Ba wani baƙon abu ba ne ga rumbun, domin in ka yi EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda rumbun zai aiwatar da tambaya, a kan IN na yau da kullum za ka ga shi kansa PostgreSQL zuwa `= ANY` yake mayar da shi. Kuɗin da za ka biya shi ne tambayar ta zama ta PostgreSQL kaɗai, gwajina na SQLite ba ya iya gudanar da ita, dole na ware wa wannan sashe gwaji a kan rumbu na gaske. In jerin ya wuce hankali, tebur na wucin gadi ya fi: a zuba lambobin, a haɗa teburan.

Sai dai mafi yawan dogayen jerin da na gani, har da nawa, bai kamata su zama jeri ba. Daga rumbun aka ɗebo su, aka kawo Python, aka sake mayar da su rumbun. `in_()` yana karɓar tambaya kai tsaye, ka miƙa masa `select(Aro.littafi_id).where(...)` ya rubuta ta a cikin baka, lambobin ba su bar rumbun ba sam. Aikin daren nan da haka na gyara shi, layuka shida suka koma biyu.

Kwatanta ginshiƙai biyu a tare ma yana nan, `tuple_(a, b).in_(...)`, kuma ya san a SQLite sai an sa VALUES a gaban jerin. SQL Server ba ya karɓar wannan sura, don haka mai shirin sauya rumbu ya lura. Idan kuma ka yi kuskuren miƙa masa rubutu ɗaya a maimakon jeri, ba ya farfasa shi harafi-harafi, ƙi yake yi ya gaya maka abin da yake jira.

Ga wanda ya san SQL, ko yake da niyyar saninsa, ina ba shi shawarar SQLAlchemy ba tare da shakka ba, kuma daga 1.4 zuwa sama, gara ma 2.0. A gwajina na farko da na biyu ya ciri tuta, a na uku ya ba ni kayan aiki ya ja gefe. Wanda yake son akwatin da zai tare masa kowace ƙofa ba tare da ya buɗe kundin aiki ba, zai fi samun natsuwa da Django. Ni ina nan tare da shi, kuma a kowace manhaja da na taɓa akwai wani ɗan aiki mai layi goma da duk jeri ke bi ta cikinsa kafin ya isa `in_()`: ya cire maimaici, ya tsaya da kuskure in ya ga `None`, ya rubuta gargaɗi a kundi in jerin ya haura 1,000.